Ungozoma Ta Yi Ƙarya, Wa Zai Biya?

A kudancin jihar Teksas akwai wani kogi, sunansa Rio Grande, shi ne iyakar Amurka da Meksiko. Garin Brownsville yana gaɓar Amurka, Matamoros yana tsallake, mutanensu kuwa dangin juna ne. Tun 1868 dokar Amurka ta ce wanda aka haifa a cikinta ɗan ƙasa ne. Watau faɗin ruwan nan kaɗai ya raba ɗan ƙasa da baƙo.

A da talakawan wurin ba su da kuɗin asibiti. A gida mata suke haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, ita ce kuma mai shaida a takardar haihuwa. To, waɗansu ungozomomi suka ci amana, suka karɓi kuɗi suka rubuta wa jariran tsallake takardun ƙarya. An yi musu shari'a, an same su da laifi.

Da aka ƙulla cewa daga 2009 sai da fasfo za a ƙetare iyaka, jama'a suka yi ta nema. Sai hukuma ta shiga hana waɗanda aka haifa a hannun ungozoma, ta ce su ƙaro hujja: takardar coci, ta makaranta, ko rasidin hayar ɗakin da iyayensu suka zauna. An kai ƙara a 1 cikin kotunan Teksas a 2008, aka yi sulhu a 2009 cewa haihuwar gida kaɗai ba za ta hana mutum fasfo ba. Duk da haka a 2018 jaridu suka ce an koma gidan jiya.

Hukuma tana da abin faɗa. An taɓa ruɗinta, kuma ta ce mai neman fasfo shi ne mai da'awa, shi zai kawo shaidu. Amma a duba da kyau. Mutumin da aka ba takarda da hatimin gwamnati, ya shekara arba'in yana biyan haraji, yana jefa ƙuri'a, wani ma ya yi soja, shi ne mai da'awa, ko kuwa wanda ya zo yau ya ce takardar ƙarya ce? Ungozomar da ta yi ƙarya sau goma, ai ta karɓi haihuwar gaskiya sau ɗari. Jaririn kuwa, ko da tasa takardar ce ta ƙarya, bai san an yi ciniki ba.

Sa'an nan hujjar da ake nema irin ta masu hali ce. Mai aikin gonar wani, wanda ke ƙaura kowace kaka, ina zai adana rasidin shekara hamsin? Ungozomar ta rasu, uwar ta rasu, ɗakin ma an rushe shi.