RANAR DA SAMMACI YA SAME KA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwana matashi, wannan nasiha taka ce, ko ka yi aure ko kana shirin yi. Abin da ya sa na rubuta ta shi ne, wani dare bayan sallar isha'i wani saurayi ya tare ni a ƙofar masallaci, riƙe da sammaci, hannunsa na rawa. Matarsa ta yi ƙararsa a kan duka. Ya ce, "Malam, a taimake ni da mutum biyu su shaida ba na gari ran nan." Na ce, "To, kana garin ko ba ka nan?" Sai ya sunkuyar da kai. Ka gani, zunubi ɗaya ya yi, yana neman ya lulluɓe shi da wanda ya fi shi girma.

Da farko, kada ka fake da addini

Da yawa cikinku da an yi magana sai su jawo aya ta 34 a Suratun Nisa'i. To, wa ya karantar da kai ita? Malaman da suka yi bayaninta sun gindaya sharuɗɗa: ba a taɓa fuska, ba a barin tabo, ba a fasa fata, ba a karya ƙashi, kuma barin abin ma shi ya fi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Kai da kake cewa kai mai bin Sunna ne, ina ka samo sunnar wayar lantarki da bel? Wallahi wannan ba Sunna ba ce, zafin zuciya ne da jahilci.

A mazhabar Imamu Malik, wadda kotunanmu suke aiki da ita, idan cutarwa ta tabbata alƙali yana da ikon raba auren, kuma ba ta mayar maka da sadaki, domin ba khul'i ba ne. Shaihu Halilu ya kawo wannan a Mukhtasar ɗinsa, har ya nuna ba lalle sai an shaida cewa cutarwar ta maimaitu ba. Renon 'ya'ya kuwa uwa ce ta fi cancanta da shi. Ciyarwa tana nan a wuyanka.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Wasu suna dogara da sashe na 55 na Penal Code, wai ya bar wa miji damar ladabtar da matarsa. Ka sani ko wannan sashen bai kare wanda ya yi mummunan rauni ba, kamar karaya, ko cire haƙori, ko lalata ido. Sa'an nan a 2015 aka sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, mai aiki a Abuja, kuma jihohi da dama sun kafa irinta. A cikinta, wanda ya doki matarsa ana iya ɗaure shi har shekara 3, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun. Wanda ya kore ta daga gida da ƙarfi, har shekara 2. Kotu tana iya hana ka kusantarta tun ba a gama shari'a ba. A jihohin da suka kafa dokokin Shari'a tun daga 2000 kuwa, akwai ƙisasi da diyya a kan raunuka. In rai ya salwanta, to, magana ta zama ta kisan kai.

Kuma kada ka zaci da ka fito daga kurkuku shi ke nan. Sunanka ya shiga littafi. Aikin soja, aikin 'yan sanda, aikin gwamnati, neman biza, duk ana tambayar ko kotu ta taɓa samun ka da laifi. Ma'aikaci yana iya rasa aikinsa. Ɗan kasuwa ya tarar da rumfa ta mutu. Wane uba ne zai sāke ba ka 'yarsa? Wa zai ciyar da mahaifiyarka shekara 3?

Yadda Musulmi yake kare kansa

Ba na cewa duk wanda aka yi ƙara mai laifi ne. Akwai ƙazafi a duniya. Shari'a ta ɗora wa mai ƙara kawo shaida, Tsarin Mulkin 1999 ma, a sashe na 36, ya ce ba ka da laifi sai kotu ta tabbatar. Saboda haka:

Na ɗaya, ka amsa kira. Gudu ba ya wanke kowa, sai dai ya jawo a kamo ka.

Na biyu, kana da hakkin yin shiru har ka ga lauya. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. In ba ka da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, an kafa ta tun 1976.

Na uku, in an ba da belinka, ka kiyaye sharuɗɗan. Kada ka je gidansu da faɗa, kada ka aika da barazana, kada ka tura abokai su tsorata ta. Wannan sabon laifi ne.

Na huɗu, ka kawo shaidu na gaskiya kaɗai. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, Annabi ya jera ta da shirka da saɓa wa iyaye. Cin hanci kuwa, mai bayarwa da mai karɓa duk la'anannu ne. Ummu Salama ta ruwaito, a Buhari da Muslim, gargaɗin Manzon Allah cewa wanda ya ci shari'a da iya baki alhali hakkin na wani ne, yanki na wuta aka yankar masa.

Na biyar, in ka san ka aikata, kada ka ƙaryata ta. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta tsayar da gaskiya ko da a kan kanka ne. Ka gaya wa lauyanka gaskiya, ka biya kuɗin magani, ka nemi gafararta. In za a yi sulhu, a bi hanyar aya ta 35: dattijo daga danginka, dattijo daga danginta. Amma fa sulhu da yardarta ne. Taron dangi a danne yarinya ta janye ƙara, ta koma gidan da za a sāke dukanta, wannan taimakon zalunci ne, kuma kowa zai amsa nasa.

Saurayin nan da na gaya maka, daga baya ya amsa laifinsa, ya biya magani, aka raba auren. Ya yi asarar mata, amma bai jefa mutum biyu cikin rantsuwar ƙarya ba.

Kai kuwa da sammaci bai same ka ba, in fushi ya taso, ka nemi tsari daga Shaiɗan, in kana tsaye ka zauna, ka yi alwala, in ya ƙi ka fita daga gidan. Amana ce aka ɗauko daga gidan ubanta aka damƙa maka a gaban shaidu, kuma akwai zaman da ba lauya, ba beli, hannun da ka ɗaga shi ne zai ba da shaida.

Allah Ya kiyashe mu da zalunci, Ya sanya albarka a gidajenmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.