Iri Da Gona: Waƙa Da Sharhi A Kan Zaɓen Inda Za A Kai Sadaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, dalilin wannan 'yar waƙa shi ne wani attajiri daga cikin almajiranmu a nan Agbalepedo ya zo mini da takardun roƙo guda biyar, kowace da hatiminta, ya ce: "Malam, abin da zan fitar ba zai ishi biyar ba, wa zan ba?" Na ga tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, sai na amsa da waɗannan baitoci tare da sharhinsu.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da arziki da albarka.

Ya mai dukiya tsaya ka ji ni,
Abin hannunka ba duk ne naka.

Manomi ba ya watsa iri kan dutse,
Yakan duba ƙasa kafin ya shuka.

Sharhi: Ku sani Allah Ya kwatanta mai ciyarwa saboda Shi da ƙwaya ɗaya wadda ta fid da zangarniya bakwai, kowace da ƙwaya ɗari, a Suratul Baƙara aya ta 261. To, tun da sadaka iri ce, wanda aka ba shi ne gona. Ladan niyya yana wurin Allah ko da an yi kuskuren gona, kamar yadda ya zo a Buhari game da mutumin da sadakarsa ta faɗa hannun ɓarawo, aka kuma karɓa masa. Amma amfanin da jama'a za su girba yana bin kyawun gonar ne. Mai hankali yana neman duka biyu.

Ka fara da dangi, sannan maƙwabci,
Wanda hayaƙinsa ke shiga ɗakinka.

Ka rarrabe farilla da nafila,
Ba a ginin masallaci da zakka.

Sharhi: Lokacin da Abu Ɗalha ya yi niyyar sadaka da lambunsa Bairuha'a, wanda ya fi so cikin dukiyarsa, Annabi (S.A.W.) ya shawarce shi ya sanya shi cikin danginsa, ya kuwa raba musu. Saboda haka wanda ya tsallake gwauruwar da ke bayan katangarsa ya aika kuɗi nesa don a ambaci sunansa, ya juya tsarin. A mazhabarmu ta Malikiyya ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in na can sun fi tsananin bukata.

Sa'an nan zakka tana da ma'abotanta guda takwas waɗanda Allah Ya ƙidaya a Suratut Tauba aya ta 60. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ta kuma shekara, zai fitar da ɗaya cikin arba'in. Wannan haƙƙin matalauta ne da sauran waɗanda ayar ta ambata. Ba a sayen siminti ko kwanon masallaci da shi, ba a kuma ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, kamar matarka da 'ya'yanka ƙanana. Masallaci da makaranta da rijiya, hanyarsu ita ce sadakar nafila da hubusi. A Kano gwamnati ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Mu a Togo ba mu da hukumar gwamnati irin wannan, don haka nauyin zaɓe yana wuyan kowane mai fitarwa.

In an zo da rasit ana roƙonka,
Tambayi aikin, ka je da ƙafarka.

Wa ke riƙon kuɗi, wa ke lissafi?
Mai gaskiya ba zai ji haushinka.

Sharhi: Wannan baiti da hawayena na rubuta shi. Shekarun baya wasu mutane sun zo mini da maganar haƙa rijiya a wani ƙauye, na ga rawani da daɗin baki, na tashi bayan sallar Juma'a na shaide su. Jama'a suka bayar saboda ni, har da wata tsohuwa mai sayar da koko. Bayan shekara na je ƙauyen, ban tarar da ko rami ba. Laifin cin amana nasu ne, amma laifin shaidar abin da ban gani ba nawa ne, ina neman gafarar Allah. Tun daga ranar nake wa kowace ƙungiya tambaya huɗu. Ina aikin da kuka gama a baya, in je in gani? Mutum nawa ne ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi? Yaushe kuke karanta wa jama'a lissafi? Wa zai kula da abin in ya lalace? Tashar motar Agbalepedo tana nan kusa da mu, motocin Sokode da Kara da Dapaong suna tashi kullum. Wanda zai ba da jaka ɗari, kuɗin mota ba zai gagare shi ba, ko ya je ko ya aiki amintacce.

Nemi abin da ke gudana bayanka,
Ruwa, karatu, sana'ar ɗan'uwanka.

Sharhi: Hadisin Muslim ya nuna aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwa sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, har yau an san wurinta a Madina. Sayyidina Umaru ya tsare gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, amfaninta na mabukata. Nana Faɗimatu Al-Fihriyya ta gina masallacin Ƙarawiyyina a Fas a shekara ta 859, har gobe ana karatu a cikinsa.

Mu ma muna da darasi a gida. A 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome, aka mai da mutanensa can arewa wajen Agoe. Gidaje sun faɗi, amma allo da sana'a da zumuncin da masu masauki suka ƙulla da baƙinsu fatake sun bi mutane zuwa sabon wuri, da su aka sake gini. Haka da gobara ta ci kasuwar Kara da babbar kasuwar Lome a Janairun 2013, da ta Agoe Asiyeye a Disambar 2023, abin da ɗan kasuwa ya fi bukata shi ne jarin da zai koma ciniki. Wanda ka ba tuwo ya ƙoshi yau. Wanda ka saya wa keken ɗinki, ko ka biya wa maraya kuɗin makaranta, ko ka tsaya wa malamin allo da albashi, wata rana shi ma zai fitar da zakka a unguwar nan, 'ya'yanka kuma a cikinta za su tashi.

Kada bincike ya zamo maka rowa,
Dala ta yau ta fi alkawarin jaka.

Ka ɓoye kyauta, ka bar yin gori,
Riya wuta ce, tana cin aikinka.

Sharhi: Shaiɗan yana da ƙofa a nan ma. Yakan ce da mutum duk macuta ne, riƙe abinka. Wanda yunwa ta kawo ƙofarka ba a tambayarsa rasit, ba shi abin da ya sawwaƙa. Binciken da muka faɗa na dukiya mai yawa ne da ake damƙa wa wasu su sarrafa. In ka sami amintattu, lizimce su da kaɗan-kaɗan kowane wata, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da ƙarami ne. Suratul Baƙara aya ta 264 ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Shi kuwa mai takardu biyar, ya raba zakkarsa ga matalautan layinsu, ya je ya duba sauran da idonsa, ya zaɓi ɗaya ya tsaya mata.

Allah ka karɓa, ka yafe mana,
Ranar da ba mai ceto sai da izninka.

Tammat bi hamdillahi. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya sa mu cikin addu'a.