Kawu Eric Da Ranar Ubangiji

Da yawa daga cikinmu sun ji labarin Eric Liddell, mutumin Skotland wanda ya ƙi yin tsere ran Lahadi. A shekara ta 1924 aka yi babban wasan Olimfik a birnin Faris na ƙasar Faransa. Shi gwani ne a tseren mita 100, amma tun da sauran watanni ya ga an sa gudun farko na tseren nan ran Lahadi, sai ya ce ba za ya yi ba. Waɗansu mutanen ƙasarsa suka zarge shi. Ya koma ga tseren mita 400, ya kuwa ci lambar zinariya cikin sakan 47.6. A nan masu wa'azi sukan tsaya, jama'a su ce Amin. Amma akwai wata Lahadi a zaman mutumin nan wadda ba a cika faɗinta ba, ita muke so mu duba.

A 1925 ya bar suna da yabo, ya koma ƙasar Sin inda aka haife shi a 1902, gama iyayensa masu aikin bishara ne a can. Ya zama malami a wata makarantar mishan a Tientsin, yana koyar da kimiyya, yana kuma horar da samari wajen gudu da ƙwallo. Da yaƙi ya yi zafi, a 1941, ya aika da matarsa da 'ya'yansa mata biyu Kanada, matar kuwa tana da ciki. 'Yar da ta haifa, bai taɓa sa ta a ido ba. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien tare da baƙi fiye da 1,500.

Wurin matsattse ne, abinci kaɗan, ba hanyar fita. Yara kuwa da yawa, cikinsu har da 'yan makarantar mishan waɗanda yaƙi ya raba da iyayensu. Eric ya ɗauki nauyin wasanninsu. Shi ne mai shirya tsere, shi ne alƙalin wasa, shi ne kuma mai gyaran kaya. Idan sandar ƙwallon gora ta tsage, sai ya yage tsumma ya ɗaure ta, domin ba inda za a samo wata. Yaran suna ce da shi Kawu Eric. Abu ɗaya ya tsaya a kai: ran Lahadi ba ya shirya wasa.

Waɗanda suka yi zaman sansanin sun ba da labari, cewa wata Lahadi matasan suka shirya ƙwallon gora da kansu, ba babba ko ɗaya a wurin. Wasan ya ƙare da faɗa. Da Lahadi ta kewayo, sai ga Kawu Eric a fili, ya zo ya yi musu alƙalanci.

To, me ya faru? Ko bangaskiyarsa ce ta yi sanyi? Mu dai ba mu ga haka ba. A Faris abin da ke gabansa nasa ne: lambarsa, da sunansa, da tafin jama'a. Wannan yana da iko ya bar shi saboda Ubangiji, ya kuwa bari. A Weihsien abin da ke gabansa ba nasa ba ne, 'ya'yan mutane ne da ba su da mai tsawata musu. Da ya zauna a ɗaki yana tsare dokarsa, da su ne za su biya kuɗin tsarkinsa. Ku karanta Matta sura 12, inda Yesu ya warkar da mai shanyayyen hannu ran Assabaci, ya kuma tuna wa Farisawa cewa ko tunkiyarsu ce ta faɗa rami a ranar, ba za su bar ta ta kwana ciki ba.

Kada wani ya ce, ashe an ba mu izini mu mai da Lahadi ranar wasa. Mutumin nan bai yi gudu don kansa ba ko a ranar. Amma mu dattawa, mu tambayi kanmu. Mun iya hani ƙwarai. Idan an tashi sujada mukan ce wa samari kada su je nan, kada su yi wancan, sa'an nan mu tafi inuwa mu kwanta. Wanene a cikinmu ya san inda suke da la'asar? Hani ba ya cin ƙarfin kowa. Tsayawa cikin rana tare da yara masu gardama, shi ne da wuya.

Ƙarfin Eric ya yi ta raguwa, ciwon kai ya matsa masa. Ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa. Ya rasu ran 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, aka binne shi cikin sansanin. Bayan kamar wata shida aka buɗe ƙofar, yaran da ya horar suka fita. A 1991 Jami'ar Edinburgh, inda ya yi karatu, ta kafa dutsen tunawa da shi a wurin.