Lauyan Chicago da mai sayar da inshora

Masu wa'azi na son labarin Horatio Spafford, ban kuma ga laifinsu ba. Lauya ne a Chicago, gobarar 1871 ta lashe dukiyar da ya zuba a gidaje. A Nuwamban 1873 ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata huɗu a jirgin ruwan Ville du Havre zuwa Turai, shi kuwa wani aiki ya tsai da shi. A tsakiyar Atlantika jirgin ya yi karo da wani, ya nutse da mutum 226, har da yaran duka. Daga Cardiff Anna ta aiko masa da saƙon waya cewa ita kaɗai ta tsira. Cikin wannan rashi ya rubuta waƙar "It Is Well with My Soul". Philip Bliss, wanda ya sa mata murya a 1876, bai ga ƙarshen shekarar ba: gada ta karye da jirgin ƙasan da yake ciki a Ashtabula.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke amfani da labarin. Na taɓa zama a gidan makoki, uwa na kuka, wani dattijo ya kawo mata zancen Spafford, wai shi huɗu ya rasa bai yi gunaguni ba. Ta haɗiye kukan, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wannan ba ta'aziyya ba ce, rufe baki ne. Wa ya ce masa mutumin bai yi kuka ba? Ayuba ma sai da ya la'anci ranar haihuwarsa, ba a kuwa cire shi daga cikin masu dogara ga Allah ba.

Ni Thomas Chisholm ya fi kwanta mini a rai. Mutumin Kentucky ne, ya yi aikin fasto shekara ɗaya tak rashin lafiya ta sauke shi, ya koma sayar da inshora. (Mai tallar inshora yana waƙar dogara ga Allah, abin da ɗan ban dariya.) A 1923 ya aika wa abokinsa William Runyan wasu baitoci, cikinsu har da "Great Is Thy Faithfulness", wadda ya gina kan sura ta 3 ta littafin Makoki. Ba jirgi, ba gobara. Jiki ne mai ciwo yau lafiya gobe, da samu kaɗan, da gari da ke wayewa kullum a sami abin sawa a baka.

Ranar babbar masifa jama'a kan cika gida, a riƙe ka. Wanda albashinsa ke ƙarewa tun goma ga wata, ga kuɗin makaranta ga na magani, ba mai zuwa yi masa jaje, shi kaɗai zai tashi da asuba ya yanke ko zai ci gaba da dogara. Chisholm ya kai shekara 93 yana wannan tashi, sai dai labarinsa ba ya sa ikilisiya hawaye, shi ya sa da wuya ka ji shi a kan bagade.