Keken Jarirai Mai Tsada: Don Yaro Ko Don Ido?

A cikin duk cinikin da ɗan Adam kan yi a kasuwa, da wuya a sami wanda ya kai sayen kayan jariri nauyi a wuya. Dalili kuwa shi ne, wanda za a saya dominsa ba shi da bakin cewa yana so ko ba ya so. In an saya wa magidanci takalmi ya matse shi, zai faɗa. In an yi wa matar gida ɗinki bai yi mata ba, za ta mayar wa tela. Shi kuwa jariri iyakarsa kuka, kukan ma kowa da irin fassarar da zai yi masa. Saboda haka duk wanda ya ciro kuɗi da sunan jariri ya zama wakili, wakilci kuwa amana ne. Abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa shi ne keken tura jarirai, musamman irin mai tsadar nan da ake shigowa da shi daga Turai da Dubai, wanda yanzu ake gani a manyan kantunan Abuja da Kano da Kaduna. Idan iyaye suka tsaya zaɓen irin wannan keke don amfanin yau da kullum, bukatar wa suke biya?

Ya kamata mu fara da sanin inda abin ya samo asali. Masana tarihi sun ce a shekarar 1733 wani mai zayyanar gine-gine da lambuna a Ingila, mai suna William Kent, ya ƙera wa 'ya'yan basaraken Devonshire wani ɗan keke wanda akuya ko ƙaramin doki zai ja. Ke nan tun ran gini tun ran zane, a gidan sarauta aka haifi keken jarirai, kuma abin wasa ne da ado kafin ya zama abin aiki. A 1877 William Wilson ya kafa kamfanin Silver Cross a birnin Leeds, wanda kekunansa suka yi suna a gidan sarautar Ingila. A 1889 wani baƙar fatar Amurka, William Richardson, ya yi rajistar keken da ake iya juya makwancinsa, yaro ya fuskanci mai tura shi ko ya fuskanci hanya. Sai kuma a 1965 Owen Maclaren, wani injiniyan jiragen sama, ya ga irin wahalar da 'yarsa ke sha da ƙaton keken jikarsa, ya zauna ya ƙera wani da ƙarfen alminiyam mai naɗewa kamar laima, wanda nauyinsa bai fi kilo 3 ba.

In mai karatu ya lura, zai ga zuriya biyu a cikin wannan tarihi. Ta farko ta Kent ce, wadda aka yi don a gani a yaba. Ta biyu ta Richardson da Maclaren ce, wadda aka yi don a rage wa uwa wahala, a kyautata wa yaro. Har yau waɗannan zuriyoyi biyu suna zaune cikin keke guda, kuma mai saye kan biya kuɗinsu a haɗe ba tare da ya rarrabe nawa ya tafi ga wannan, nawa ga waccan ba. A 2002 aka nuna keken wani kamfani na ƙasar Holan mai suna Bugaboo a wani shahararren wasan talbijin na Amurka, nan da nan masu hali suka yi masa caa, ya zama alamar cewa wane ya isa. Yanzu akwai kekunan da kuɗinsu ya haura dala 1,000. A canjin shekarar 2024, lokacin da aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata, wannan kuɗi ya zarce abin da ƙaramin ma'aikaci zai ɗauka a shekara cur.

To, shin tsada ita ce laifin? Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma wannan magana tana da gaskiyarta. Keken da za a tura kullum safe da yamma yana bukatar ƙarfe mai ƙwari, da tayoyin da ba za su cinye cikin wata uku ba, da birkin da zai riƙe a gangare. Irin wannan aiki da kuɗinsa. Wanda ya sayi na banza don gudun kashe kuɗi, ƙafa ta fice da yaro a ciki, bai yi tattali ba, ganganci ya yi. Amma fa tsada iri biyu ce. Akwai tsadar inganci, akwai tsadar suna. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Thorstein Veblen, ya bayyana a 1899 cewa akwai kayan da ake saye musamman don mutane su ga an iya saye, har ma tsadar tasu ita ce babban amfaninsu. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hali. Wa bai san jeren kwanuka da tangaran a ɗakin amarya ba, waɗanda za su shekara goma ba a zuba ko ruwa a cikinsu ba? Bambancin kawai shi ne, kwano ba ya jin zafin rana, jariri kuwa yana ji.

Kuma kada a ɗauka babban suna shi ne tabbacin lafiya. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kimanin miliyan ɗaya a Amurka, bayan an sami rahoton yara 12 da mahaɗin naɗe keken ya datse musu kan yatsa. Wannan kamfani ne da ya yi shekaru fiye da 40 yana aikin. Darasin da ke ciki shi ne, suna ba ya ɗauke wa iyaye nauyin dubawa da idonsu, su taɓa da hannunsu.

Da jariri zai buɗe baki a kantin, me zai nema? Ina jin da farko zai nemi wurin da zai kwanta a miƙe, domin kafin ya kai wata shida wuyansa da bayansa ba su yi ƙwarin zama ba, kuma kan da ya langaɓe gaba yana iya takure numfashi. Zai nemi ɗamarar da za ta riƙe shi ta kafaɗu da ƙugu da tsakanin cinyoyi, don kada ya zame. Zai nemi rumfar da za ta kare shi daga rana amma iska na shiga, domin rufe keke da mayafi a irin zafin watan Afrilu tamkar rufe shi a tanda ne. Sannan zai nemi fuskar uwarsa. A 2008 wata malama a Jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotilan, Suzanne Zeedyk, ta gudanar da bincike a titunan Birtaniya, ta gano cewa iyaye sun fi yi wa jariri magana idan keken ya sa yana fuskantarsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san cewa daga bakin uwa yaro ke tsintar harshe. Haka kuma masu bincike a Jami'ar Surrey sun nuna a 2018 cewa jaririn da ke cikin keke a gefen titi yana iya shaƙar gurɓatacciyar iska fiye da babban da ke tura shi, don kansa yana daidai tsayin salansar mota. A cikin duk waɗannan bukatu babu launin fatar mariƙi, babu tambarin kamfani.

Bayan yaro, sai a tambayi hanya. An yi keken jarirai ne don garuruwan da ke da shimfiɗaɗɗen gefen titi na masu tafiya a ƙasa. A Amurka, dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta tilasta a riƙa yin gangare a bakin titi saboda masu keken guragu, sai ga shi masu tura jarirai sun ci moriyar abin. Wato amfanin keken da mutum ya saya da kuɗinsa ya rataya ne ga hanyar da jama'a suka gina da kuɗin kowa. Wanda ke zaune a unguwar da ke da rairayi da lambatu a buɗe, wanda zirga-zirgarsa a cikin a-daidaita-sahu take, wanda ɗakinsa ke bene hawa na biyu, ya kamata ya auna: keke mai kilo 12 ko fiye, wa zai riƙa ɗaga shi? Zai shige ƙofar zaure? In taya ta lalace, ina za a sami wata? Keken da ya dace da lambun Landan yana iya zama kaya a lungun Fagge, ƙarshensa a jingine shi bayan ƙofa ana ɗora masa wanki. Daidai ruwa daidai tsaki.

A nan ne ya wajaba mu waiwayi abin da muke da shi tun kaka da kakanni, wato goyo. Mu da muke ma'amala da kalmomi ya kamata mu lura da wani abu: idan Bahaushe zai ce ya tsaya wa mutum, ko ya amince da ra'ayinsa, sai ya ce ya ba shi goyon baya. Daga zani da majanyi harshenmu ya aro sunan taimako. Jaririn da ke bayan uwa yana jin ɗumin jikinta da motsinta da muryarta, ita kuma hannuwanta biyu a sake suke, tana ratsa kasuwa da kwararo ba tare da neman kwalta ba. Abin sha'awa, waɗanda muke sayen keke a wurinsu sun zo sun koyi wannan a wurinmu. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa-kai a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata ke goyo, ta koma gida ta ɗinka jakar goyo mai suna Snugli, ta yi mata rajista a 1969. A 1978 kuma likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda ƙarancin kwalaben ɗumama bakwaini, suka fara ɗora jarirai a ƙirjin uwayensu fata da fata. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Nijeriya da Gana, ya nuna cewa fara wannan rungumar nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kimanin kashi 25 cikin 100.

Sai dai kada yabon goyo ya rufe mana ido ga wadda ke yin sa. Mu maza mun iya waƙe al'ada matuƙar ba bayanmu ne zai ɗauki nauyinta ba. Matar da aka yi wa aiki wajen haihuwa, da mai tagwaye, da mai kwanika, da mai ciwon baya, da kakar da aka bar wa reno, duk waɗannan keke rahama ne a gare su, kuma wanda ya saya musu mai kyau ya yi abin yabo. Akwai ma wani alheri da ba a cika faɗa ba. A al'adarmu namiji ba ya ɗaura zani ya goya ɗansa, amma ba wanda zai yi masa dariya in ya tura shi a keke zuwa asibiti ko ya zaga da shi da la'asar. In keke ya zama sanadin da uba zai karɓi wani kaso na reno, to ya biya kuɗinsa.

Wani zai ce, kuɗina ne, da gumina na samu, kuma son abu mai kyau ba zunubi ba ne; ina ruwan wani da abin da na saya wa ɗana? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na cikin masu ganin cewa dole mai hali ya yi zaman marar hali. Amma akwai abu biyu da ya kamata mai wannan magana ya duba. Na farko, kuɗin nasa ne, amma sunan da ya fake da shi na yaro ne. In ya ce don kaina na saya, ina son a gan ni da shi, ya faɗi gaskiya, sai mu bar shi da zaɓinsa. In kuwa ya ce don ɗana ne, alhali keken bai dace da bayan yaron ba, bai dace da hanyar gidan ba, to ya yi wa kansa ƙarya, ya kuma sa wanda ba ya magana ya zama shaidarsa. Na biyu, abin da mai hali ya yi yau shi ne abin da za a nema daga marar hali gobe. Haka lefe ya kumbura, haka kayan ɗaki suka kumbura. Ranar da keke mai tambari ya shiga jerin abin da dangi ke dubawa ranar suna, za a sami uban da zai ci bashi don ya fita kunya, alhali kuɗin awo da abinci mai gina jikin mai jego ba su samu ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Saboda haka ma'aunin da nake ba da shawara mai sauƙi ne, ko da yake amsa shi da gaskiya yana da wuya. Mai saye ya tambayi kansa: da a ce ba wanda zai taɓa ganin keken nan sai ni da uwar yaro da yaron, zan biya wannan kuɗi? In amsar i ce, saboda ƙwarinsa da sauƙin turawa da kwanciyar da yaro zai samu, to ya saya da zuciya ɗaya, ko nawa ne, in ƙanne sun zo su ma su gada. In kuwa ya ji zuciyarsa ta yi sanyi da aka cire 'yan kallo, to ya san inda rabin kuɗin zai tafi. Sai ya nemi mai sauƙi mai inganci, ko na hannu mai lafiya bayan ya gwada birki da ɗamara, ko ma ya ƙara wa uwar gida atamfa mai ƙarfi ta goyo, ragowar ya ajiye don ranar da yaron zai fara makaranta.

Shekara biyu ko uku kawai yaro zai yi a cikin keke, kuma ba zai tuna launinsa ba. Abin da zai tashi da shi a jikinsa shi ne lafiyar da aka tsare masa da maganar da aka yi masa tun bai san ma'anarta ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ba su iya tambayarmu ba tukuna, amin.