LEDAR DA KA JEFAR, A WUYAN WA TAKE?

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, kwanan baya wata tsohuwa a unguwarmu, nan Tsibiri, ta yi hasarar jar akuyarta, wadda ita ce jarinta. Akuyar ta yi ta rama, ga ciki a kumbure, har dai aka sa mata wuƙa. Da mahauci ya feɗe ta, sai ya iske tumbinta cike da leda, ta cure kamar igiya. Tsohuwar ta ce ƙaddara ce, kuma ta yi gaskiya. To amma ledar nan hannun mutane ne ya jefar da ita. Ran gobe ƙiyama, wa za a tambaya?

Wani zai ce: "Malam, ai leda guda ba ta kashe akuya." Haka ne. Sai dai da ɗaiɗai gari ya cika. Wadda aka yar a Jiratawa ko a kasuwar Maraɗi, iska ta kai ta kwata, ruwan damina ya tura ta Gulbin Maraɗi, ta zo ta kwanta a fadamar wani talaka a Tsibiri. A can sai ta hana ruwa shiga ƙasa. A cikin gari kuwa ta toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, yara su kwanta da zazzaɓi. Rashin sanin wanda ka cuta ba ya wanke ka daga cutar. Haƙƙin mutum guda kana iya zuwa gidansa ka nemi gafara. Haƙƙin jama'a kuwa, ƙofar wa za ka je?

Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. In kawarwa imani ce, to ajiye shi a hanya mene ne? Abin kunya ma, sau da yawa bakin masallaci da filin Idi su suka fi cika da ledar ruwan sadaka. Mun nemi lada da ruwan, mun bar wa dabbobi ajalinsu.

Malaman usulu sun koyar da mu cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Saboda haka sanin irin robar da ke hannunmu ya zama tilas. Tun shekarar 1988 aka fito da lambobi daga 1 zuwa 7, waɗanda ake bugawa a gindin kaya cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce ta gorunan ruwa da na lemo. Lamba 2 ta jarkoki. Lamba 3 ta bututun ruwa. Lamba 4 ita ce ledar cefane. Lamba 5 ta bokitai da kujeru da buhunan taki. Lamba 6 ita ce fara mai kama da soso, wadda ake zuba abinci. Lamba 7 kuwa ta tattara sauran iri.

Kowace da hanyarta. Gora da jarka ana wanke su a sake amfani da su, kamar yadda mata ke zuba zoɓo da man gyaɗa. Amma ku kiyaye, ya ku manoma: mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari kada a zuba masa ruwan sha ko abinci, ko an wanke shi. Fasassun bokitai da kujeru da jarkoki, masu saye suna auna su, a niƙa, a kai masana'antu irin na Kano, a narkar, su dawo mana sabbin butoci da robobin wanki. Ita leda, da yake ba ta da nauyi, ba ta da kasuwa sosai, amma akwai masu narkar da ita da yashi su buga tubalin daɓe. Abin da ba ya halatta shi ne mu mayar da ƙonawa magani, domin hayaƙin roba guba ne, musamman na lamba 3. Uwayenmu mata masu hura wuta da leda, don Allah ku bari, ƙirjinku da na ƴaƴanku amana ne.

Kada kuma mu raina yaran nan masu yawo da buhu suna tsintar roba a juji. Suna cin halaliyarsu, suna kuma ɗauke mana nauyin da muka yar. Wanda ya ware robarsa daga sauran shara ya miƙa musu, ya taimaki mai nema, ya kuma kuɓutar da kansa.

Sai dai mu san cewa sake narkarwa ba za ta ishe mu ba. A duniya baki ɗaya, robar da ake sake sarrafawa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Maganin farko shi ne ragewa, kuma Allah ya hana almubazzaranci a aya ta 31 ta Suratul A'arafi. Kakanninmu da kwando da ƙwarya da jakar kaba suka ci kasuwa, ba su bar mana guba a gona ba. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Mu ma a Nijar an kafa doka ranar 5 ga Nuwamba, 2014, wadda ta hana yin leda mara kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. To amma hukuma ba ta iya sa dogari a ƙofar kowane gida. Dogarin da ba ya barci shi ne tsoron Allah.

Don haka, ya ɗan uwa, tafi kasuwa da jakarka. In ka sha ruwan leda, riƙe ta har ka sami inda ya dace. Kwamitin kowane masallaci ya tanadi buhun tara roba a bakin ƙofa, ya ba matasa kula da shi. Musulmi ba ya tsarkake gaɓoɓinsa sau biyar a yini sannan ya ƙazantar da hanyar maƙwabcinsa.

Allah ya yafe mana haƙƙoƙin da muka ɗauka ba da saninmu ba, ya mayar wa wannan baiwa tasa da mafi alheri, ya sa mu cika da imani. Amin.