Ku Kun Ka Sani

Hutun bara na samu ɗan aikin anketi. Wani furoje ne na binciken lafiyar yara yake neman matasa masu jin Hausa da Faransanci su zaga ƙauyuka. Aka tara mu a zauren wani otal aka yi mana horon kwana uku: yadda ake cika amsoshi a tablet, yadda ake auna damtsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai ja da rawaya da kore, yadda za a riƙa biyan mu kuɗin yini. Takardar neman yardar iyaye shafi huɗu ce, da Faransanci. Sai a rana ta ƙarshe aka taɓo ta, bayan la'asar, kowa ya gaji. Mai horar da mu ya ce, "Ai ku Hausawa ne, kwa fassara musu a can."

A ƙauye na biyu na zauna gaban wata tsohuwa da ta kawo jikanta. Aikin shi ne a ɗebi ɗigon jini a yatsan yaro, a tafi da shi, a gano yara nawa ne a yankin jininsu ya yi ƙasa. Ba magani aka zo bayarwa ba. Na dubi takardar, na dubi layin matan da ke jira cikin rana, na tuna an ce kowa ya gama gida goma sha biyar kafin mota ta juya. Sai na ji bakina ya ce, "Inna, lafiyar yaro za a duba. Kin yarda?"

Ta ce, "Ku kun ka sani, ɗana."

Ta miƙo babban yatsa na dangwala mata tawada. Da aka gama, ta goye yaron, ta yi taku biyu, ta juyo ta ce, "To ina maganin?"

Tun ranar tambayar nan take bi na. Ƙarya na yi mata? In an kai ni gaban alƙali sai in ce a'a, ai an duba jinin, jini kuwa lafiya ne. Amma mu da muke karatun harshe mun fi kowa sanin cewa ba a auna magana da kalmominta kaɗai, ana auna ta da abin da mai faɗi ya san za a ji. Na san sarai "duba lafiya" a kunnen Bahaushiya yana tafe da magani a bayansa, kamar yadda "zo mu ci" yake tafe da kwano. Don haka na zaɓe shi. Kuma "ku kun ka sani" ba "na yarda" ba ce. Miƙa wuya ce. Cewa take: ni ban gane ba, ku da kuka yi boko na ɗora muku amanar. A takarda kuwa an rubuta cewa ta fahimta, ta amince da son ranta.

Wannan sharaɗi na yarda ba ado ba ne. An rubuta shi a 1947 bayan shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, ƙungiyar likitocin duniya ta sake kafa shi a Helsinki a 1964: ba a gwaji a jikin mutum sai ya san abin da ake ciki ya kuma amince. Mu ba sai mun je Turai neman misali ba. A 1996, lokacin da sanƙarau ya ratsa ƙasar Hausa, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a Kano, kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon, rabi wani da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ku duba inda babban rikicin ya tsaya: a kan ƴan jimlolin Hausa da wani ya faɗa wa wani a bakin gadon asibiti. Da aka zo 2003 mutane suka ƙi allurar shan-inna a Arewacin Najeriya, labarin Trovan na cikin abin da suke kafa hujja da shi, cutar kuma ba ta tsaya a kan iyaka ta nuna takardu ba.

Yanzu ku gwada fassara takardar da kanku, ku ga. "Bincike" shi ne abin da jandarma ke yi wa kayanka a shingen hanya. "Gwaji" kuwa, da ka faɗe shi an tuna zakaran gwajin dafi. Yaya za ka ce za a raba yara gida biyu ba tare da zaɓin kowa ba? "Ƙuri'a" ce ta fi kusa, amma wani zai ji zaɓe, wani zai ji caca, caca da lafiyar ɗansa. Sai babbarsu, abin da likitoci ke kira plasebo: abu mai kamar magani wanda ba komai cikinsa, ana ba rabin mutane don a kwatanta, kuma shi mai bayarwar ma bai san wa ya samu wanne ba. Sannan jimlar nan mai sauƙi a Faransanci, cewa kina da ikon ƙi kuma ba abin da zai same ki. Wane iko? Baƙi ne da farar mota, mai gari ya sa an yi shela, majo na likitar ƙauyen yana zaune gefe, shi ne kuma za ta kawo wa yaron gobe in jikinsa ya yi zafi. A wurin nan "to" tana iya zama na yarda, tana iya zama na ji, tana iya zama ka gama in tafi. Muryar ce ke bambanta su, tablet kuwa ba ta da gurbin murya.

Ɗan ɗakinmu yana aji biyar a karatun likita, mun sha yin musu kan wannan har dare ya raba. Hujjarsa ba ta banza ba ce, bari in faɗe ta yadda yake faɗa. Ya ce in ka tsaya bayyana komai ba wanda zai kawo ɗansa, binciken ya mutu, yaran da za a ceta su ci gaba da mutuwa. Ya kawo misalin Madarunfa, inda cibiyar Epicentre ta Maraɗi ta gwada rigakafin zawon rotabirus mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, aka fitar da sakamako a 2017: ya rage zawo mai tsanani na wannan ƙwayar da wajen kashi biyu cikin uku. A ƙasar da firji da wuta ke da wuya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ƙara da cewa ko a Faransa ba kowane majiyyaci ne ke gane shafi huɗun ba.

Na yarda da rabi. Bincike alheri ne, kuma abin alfahari ne a ce amsar da duniya ke jira daga ƙauyukanmu ta fito. Na kuma yarda ba wanda ke fahimtar komai. Amma ba komai ake nema ba. Abu ne da bai fi ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: cewa wannan neman sani ne ba jinya ba, me za a yi wa yaron, me zai iya faruwa, kuma in ta ce a'a ba za a hana ta magani gobe ba. Wannan tsohuwar da ke rarrabe irin hatsi da ido, take riƙe lissafin adashin mata ashirin a ka, ba za ta kasa ɗaukar waɗannan ba. Ni ne na kasa faɗa. Game da cewa in an faɗa za su ƙi, na tambaye shi: ka saurari abin da kake cewa? Cewa kake mun san da sun gane da sun ƙi, shi ya sa muke hana su ganewa. To me ya rage na yardar? Dangwalen yatsa kawai.

Inda na fi son mu tsaya, mu ɗalibai, shi ne wa ake horarwa kuma a kan me. Mai son zama mai bincike a fannin lafiya hanyarsa a shimfiɗe take, ko da doguwa ce: shekarun likitanci a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, sai ƙwarewa, sai masta ko doktora, sau da yawa a waje, sai cibiyoyi irin su CERMES. In ya shiga koyarwa, hukumar CAMES, wadda a Yamai aka kafa ta a 1968, tana duba rubuce-rubucen da ya buga kafin ta ɗaga masa daraja, su kuwa da Faransanci ko Ingilishi ake buga su. Shekara goma ko fiye ana goge shi a lissafi da tsarin gwaji. Shi kuwa wanda zai zauna a tabarma gaban uwar yaro, wanda duk halaccin aikin ya rataya a bakinsa, kwana uku aka ba mu. An ɗauka jin Hausa ya isa, kamar a ce duk mai jini a jika ya iya ƙarin jini. In aikin ya ƙare a sallame ka da jika kaɗan da takardar shaida, kuma ba wata ƙofa daga anketi zuwa bincike. Na haɗu da wata baiwar Allah da ta shekara tara tana wannan aiki daga furoje zuwa furoje. Ta san kalmar da matan Gobir ke kiran ciwo da ita da wadda na Damagaram ke kira, ta san uwa kan ce haƙora ne alhali zawo ne ke cin yaron. Ba wanda ya taɓa ce mata ta zo ta koyar, balle a ce ta zo ta yi masta.

Kada mu ɗora wa likitoci duka. Mu ma a sashen harsuna muna da namu. Muna rubuta memwar kan karin sauti da ajin aikatau, da Faransanci, mu ajiye a kanta ƙura ta rufe. A Harobanda tsakanin masu karatun harshe da masu karatun likita tafiyar ƙafa ce, amma kowa na harkarsa. Jami'ar kuwa sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, masanin kimiyya haifaffen Tasawa, wanda tun 1964 ya rubuta littafi yana kare koyarwa da harsunanmu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka an miƙa mini shafi huɗu na Faransanci an ce in yi ta kaina.

Abin da ake buƙata ba na miliyoyi ba ne. A fassara takardar tun a ofis, a ba wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Faransanci, a ga abin da ya zube a hanya. A naɗi bayanin a murya ta yadda kowace uwa za ta ji abu ɗaya, ba abin da gajiyar tafinta ta bari ba. Maimakon "kin yarda?" a ce, "Inna, maimaita mini abin da za a yi." Kuma ɗalibin likita ya yi ko da zango ɗaya yana koyon bayani da Hausa da Zabarmanci a gaban mutane na gaske, a ba shi maki a kai kamar sauran darussa. Da na tambayi tsohuwar nan ta maimaita, da ta ce "za ku ba shi magani," da dole na gyara. Ina jin shi ya sa ban tambaya ba.

An sake kira na bana, kuma zan je, don ina bukatar kuɗin. Amma na sayi kaye na fara jera kalmomin, ina gwada su a kan kakata duk ranar da na je gida. "Neman sani" ta karɓe shi a madadin bincike. Ƙuri'a ta ce a ce "rabo," na ce rabo na Allah ne, wannan kuwa na'ura ce ke yi, ta ce to ita na'urar wa ya halicci mai ita. Mun bar shi a nan. Plasebo na yi mata bayaninsa sau uku, a hankali, ba tare da na ɓoye komai ba. Ta yi shiru, ta ce, "Wato wasu ɗiyan ruwa za a ba su, uwayensu na godiya." Na ce amma an gaya musu tun farko haka zai iya faruwa. Ta ce, "In an gaya musu, ba laihi. An gaya musu?"

Gurbin kalmar har yanzu ba komai a kayen.